Jini Ya Tsaya, Hankali Ya Gushe: Labarina da Ciwon Hanta

Mahaifiyata ta rasu ina firamare. Cikinta ya kumbura har ba ta iya sunkuyawa, idanunta suka yi rawaya, wasu suka ce shawara ce ta yi mata yawa, wasu suka ce hannu aka sa mata. An jiƙa sassaƙe, an sha rubutu, har Allah ya karɓi abarsa. Bayan 'yan shekaru ƙaninta ya yi aman jini a gona, kafin a kawo shi gari rai ya yi halinsa. Babu wanda ya haɗa rasuwar biyu a lokacin. Ni ma sai da na doshi shekara 40 na haɗa su, ranar da na je ba wa wani maƙwabci jini aka ce ba za a ɗauki nawa ba, ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Ni ɗan kasuwa ne, shadda da yadi nake sayarwa a Kantin Kwari. Tun ina yaron shago, lissafi ne ya sa maigidana ya riƙe ni. Dila nawa aka sauke, bashin wa ya kai nawa, duk a kaina suke, littafi don shaida kawai nake rubutawa. Da wannan kan na kafa nawa shagon, da shi nake ciyar da gida.

Likitan da ya fara ganina ya tambayi tarihin gidanmu. Da na ba shi labarin Inna da kawu sai ya gyaɗa kai. Ya ce a ƙasashenmu yawanci wajen haihuwa ko a ƙuruciya ake ɗaukar cutar, kuma cikin jarirai 10 da suka ɗauka daga uwa, wajen 9 da ita za su girma, alhali babban mutum galibi jikinsa kan kore ta. Allurar rigakafinta sai a 2004 ta shiga jerin alluran yara a Najeriya, mu da aka haifa kafin nan haka muka taso babu kariya. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. Aka yi min hoton ciki da gwajin jini, aka ce hantar ta riga ta ƙandare ta motse, saifa kuma ta girma. Ban taɓa jin ko tsikari a wurin ba. Aka ɗora ni a kan ƙwayar tenofobir, guda ɗaya kullum, don ta danne cutar, amma ɓarnar da aka riga aka yi tana nan. Abin da ya fi min zafi a lokacin shi ne kallon mutane. Da an ce hanta sai a fara raɗe-raɗin giya. Ban taɓa ɗanɗana ta ba, Inna ma haka.

Jinin da ya fito daga hanji da saifa ta wata babbar jijiya yake bi ya shiga hanta, a tace shi, sannan ya wuce zuciya. Idan hanta ta ƙandare sai hanyar ta matse, jinin ya taru a baya. Kamar kwata ce da ta toshe a tsakiyar damina, ruwa ba zai tsaya ba, ta gidajen mutane zai nemi mafita. A jikin mutum ƙananan jijiyoyin ƙasan maƙogwaro da bakin tumbi ne ke ɗaukar wannan lodi, su yi ta kumbura har wata rana ɗaya ta fashe.

Tawa ta fashe bayan la'asar a shago. Na ji zuciyata na tashi, na sunkuya a bayan kanta, sai jini guda-guda a kan farar shaddar da ke ƙasa. Yaran shago suka cicciɓe ni suka sa a adaidaita sahu. An yi min ƙarin jini, an zura kyamara ta baki an ɗaure jijiyoyin da ƙananan robobi, aka sallame ni da ƙwayar rage matsin jinin. Bai daɗe ba ya dawo, aka sake ɗaurewa, ya sake dawowa. Ana cikin haka ruwa ya fara taruwa a cikina. Aka hana ni gishiri da magi da kanwa, aka ba ni ƙwayar fitsari, daga baya ta daina aiki, sai dai a soka allura a zuƙe ruwan lita-lita, kafin wata ya zagayo ya sake cika. Hannayena suka tsotse, ciki ya yi gaba. A zaune nake barci. Duk shiga banɗaki sai na duba abin da ya fita, domin idan ya yi baƙi wuluk to jini ne ke zuba a ciki. Na ga yanayin Inna a madubi, na kuma san yadda nata ya ƙare.

A nan ne likitana ya ambaci aikin da suke kira TIPS, ya ba mu shawarar fita waje, Masar ko Indiya. Muka zaɓi Masar saboda kusa, kuma likitocinsu sun daɗe a kan hanta, tunda akwai lokacin da kusan mutum 1 cikin 10 a ƙasar ke ɗauke da ciwon hanta nau'in C. Na sayar da filin da na saya don yara, 'yan layinmu a kasuwa suka yi karo-karo, Allah ya saka musu da alheri. Muka tafi Alƙahira ni da uwargida da ƙanena. Wani yaro ɗan ƙasarmu da ke karatu a Azhar shi ya yi mana tafinta.

Likitan can ya ɗauko farar takarda ya zana hanta. Ya ce ba za a tsaga ciki ba. Za su shiga ta jijiyar wuya ta dama, su zura siririyar waya har cikin hanta, su huda hanya tsakanin babbar jijiyar da ke kawo jini da wadda ke fitar da shi, su sa ɗan bututun ƙarfe mai rufi ya riƙe hanyar a buɗe. Matsin zai sauka, jijiyoyin maƙogwaro su sace, ruwan ciki ya ragu. Na yi hamdala a fili. Sai ya ɗaga hannu ya ce in saurari sauran.

Jinin da zai bi ta wannan bututu, in ji shi, ba zai ratsa naman hanta ba, ke nan ba a tace shi ba. A hanji ana samar da wani sinadari mai suna amoniya, hanta ce ke juya shi ya fita ta fitsari. Idan ya tsallake hanta sai ya isa ƙwaƙwalwa. Cikin mutum 10 da aka yi wa aikin, 3 zuwa 5 kan samu rikicewar tunani, yawanci a watannin farko. Mafi yawa magani na dawo da su, kaɗan kuma sai an koma an rage faɗin bututun. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 65, da wanda ya taɓa rikicewa a baya, da mai raunin ƙoda, da wanda naman jikinsa ya zube, domin tsoka ma tana taya hanta kwashe amoniya. Da ya zo nan sai ya kama damtsena ya matsa, bai ce komai ba. Tafinta ma bai buƙaci fassarawa ba.

Daren nan ban runtsa ba. Mutuwa ban ɗauke ta baƙuwa ba, na riga na leƙa ta a bayan kanta. Abin da ya tsaya min shi ne in rayu ba a hayyacina ba, yarana su riƙa jan hannuna, ko ajali ya riske ni harshena bai san kalmar shahada ba. Na yi istihara. Can cikin dare uwargida ta ce, "Alhaji, jinin nan idan ya ɓalle ba ya jiran kowa, kai ma ka gani. Wancan kuwa an ce yana da alamu, yana da magani. Ka bar min tsaron alamun." Ƙanena ya ce, "Yaya, duk wanda ka zaɓa muna bayanka." Da gari ya waye na sa hannu a takarda.

Kafin aikin sun duba zuciyata, saboda jinin da zai koma mata zai ƙaru farat ɗaya, mai raunin zuciya ba a yi masa. Suka fara ba ni wata ƙwaya, rifaksimin, wadda ke rage ƙwayoyin hanji masu samar da amoniya. Likitan ya ce wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2021 ya nuna waɗanda suka fara shan ta kafin aikin kashi 34 cikin 100 ne suka rikice, waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 53. Bututu mai faɗin milimita 8 suka sa min maimakon 10, don jinin da zai tsallake hanta ya ragu, burinsu kuma ma'aunin matsin ya sauko ƙasa da 12, inda jijiyoyi ba kasafai suke fashewa ba. Na farka da 'yar filasta a wuya. Ranar sallama likitan bai miƙa min takardar bayani ba, uwargida ya miƙa wa, ya sa tafinta ya karanta mata layi-layi, ya kuma koya mata wani gwaji da hannu.

Watannin farko sai godiya. Jini ya tsaya cak. Ciki ya riƙa sacewa har na koma ɗaura tsofaffin wanduna. Na yi sujada goshina a ƙasa ba tare da numfashi ya sarƙe ba, abin da na daɗe ban samu ba. Na koma kasuwa.

Abin ya zo ne a makon Babbar Sallah. Gida ya cika da nama, cikina ya ɗaure kwana da kwanaki, ga ɗan zazzaɓi da zafin fitsari. Yawancin abin da zan faɗa daga nan ba ni na gani ba, ba ni labari aka yi. Barcina ne ya fara juyewa, rana in yi ta gyangyaɗi, dare in yi ta zagaye tsakar gida. Na zama mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani abokin ciniki ya kira a kan kuɗin yadi, lissafin da ɗan firamare zai yi, na riƙe waya na yi shiru. Wannan ina tuna shi: lambobin suna nan a gabana amma sun ƙi haɗuwa. Washegari da asuba na tayar da sallah a ɗaki, na karanta Fatiha, na sake karantawa, na sake, ban yi ruku'u ba har gari ya yi haske. Da babban ɗana ya taɓa ni sai na kira shi da sunan kawuna da ya rasu tuntuni, na ce ya ɗauko fartanya mu tafi gona.

Gida ya rikice. Baffana ya zo ya dube ni ya ce wannan ba na asibiti ba ne, iska ce, a kira mai ruƙiyya. Ban ga laifinsa ba, duk wanda ya gan ni a ranar abin da zai fara zuwa masa ke nan. Uwargida ta durƙusa ta ce, "Baffa, a yi min haƙuri in gwada abin da likita ya koya min." Ta sa na miƙe hannayena gaba, tafukan a ɗage, yatsu a ware. Hannayen suka riƙa faɗuwa suna tashi da kansu, fat-fat, a gaban kowa. Ta ɗauko takardar ta nuna wa ƙanena. Ta ce, "Baffa, a yi karatun a mota, amma mu tafi yanzu." Haka aka yi. Baffa da kansa ya zauna kusa da ni yana tofa min ayoyi har ƙofar asibiti.

Kafin mu isa na daina amsa kira. An ce rikicewar hawa huɗu ce, daga ɗan mantuwa da juyewar barci har zuwa doguwar suma, ni na kai na uku. Tunda ba na iya haɗiya, ta dubura aka ba ni laktulos, maganin da ke sassauta ciki ya kama amoniya a hanji ya fitar da shi. Suka duba ko jini na zuba a ciki, babu. Suka sami ƙwayar cuta a fitsari, suka sa maganinta. Da cikin ya saki sai hankali ya fara dawowa. Na buɗe ido na ga silin ɗin asibiti, na tambayi wa aka kwantar.

Jiki ya warware da wuri, zuciya ce ta daɗe. Da aka ba ni labarin abin da na yi a gaban 'ya'yana da surukaina, na yi kwanaki ba na son haɗa ido da kowa. Labari ya riga ni zuwa kasuwa cewa Alhaji ya taɓu. Masu zuwa dubiya sai su tambayi ƙanena ya jikin nawa alhali ina zaune a wurin. Wani da muka shekara muna hulɗa ya fara ƙirga canji sau biyu idan ni na ba shi. Babu wanda ya zage ni, amma na ji yadda ake sauke mutum daga matsayinsa a hankali, cikin tausayi. Har yau idan na ga ana magana a kan marar lafiya yana zaune ba a sa shi a ciki, raina yana ɓaci. Sallolin da suka wuce ni ma sun dame ni, har na tambayi wani malami. Ya ce a mazhabar Malikiyya wanda hankalinsa ya gushe har lokacin sallah ya fita babu ramuwa a kansa. Na yi kuka da na ji haka, don na ɗauka bashi ne a wuyana.

Daga baya ɗana ya nemo min tarihin abin, ya ɗan sanyaya min rai. A 1877 wani likitan Rasha mai suna Nikolai Eck ya haɗa wa karnuka jijiyar hanji kai tsaye da babbar jijiyar da ke zuwa zuciya. A 1893 Ivan Pavlov da abokan aikinsa suka lura cewa irin waɗannan karnuka idan aka cika su da nama sai su fusata, su yi tangaɗi, su suma. Aikin da aka yi min ta wuya da bututun ƙarfe kuwa a 1988 aka fara shi a birnin Freiburg na Jamus. Ke nan abin da ya same ni sananne ne fiye da shekara 100, yana da sababi da ake iya aunawa, kuma yana tafiya idan aka kawar da sababin.

Yanzu rayuwata a kan tsari take. Laktulos safe da dare, ana ƙara shi ko a rage har a samu bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana. Idan ya gaza haka haɗari ne, idan ya zarce ya zama gudawa shi ma haɗari ne, domin bushewar jiki tana tayar da rikicewar. Ɗanɗanonsa zaƙi ne mai gundura, yana kuma kumbura ciki, amma ba na tsallakewa. Rifaksimin tana da tsada ƙwarai, ba kowane kemis ke da ita ba, kuɗinta nake fara warewa kafin na cefane. Maganin barci da tiramadol da jiƙe-jiƙen da ban san abin da ke ciki ba duk an hana ni, haka magungunan ciwon jiki da ake saya barkatai.

Kan abinci na sha jayayya da dangi. Bayan abin da ya faru sun so su hana ni duk wani abu mai gina jiki, sai kunu da tuwo. Likitana ya ce wannan tsohon tunani ne, yunwa tana cinye tsoka, tsoka kuwa ita ce mataimakiyar hantata. Abin da ake so shi ne wajen giram 1.2 zuwa 1.5 na abinci mai gina jiki a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, a rarraba shi kaɗan-kaɗan. Sai na koma wake da alale da awara da ƙwai da kifi da kindirmo, jan nama ɗan kaɗan ba a zama ɗaya ba. Kafin in kwanta ina shan fura da nono, don kada jiki ya kwana yana cin kansa. Saboda wannan dalili aka hana ni azumi. Ramadan na farko da na ga yara suna sahur ni ina haɗiyar magani da rana ya yi min nauyi sosai. Ina ciyarwa, kamar yadda Alƙur'ani ya sauƙaƙa wa wanda ba zai iya ba.

Tuƙi na ajiye shi. An bayyana min cewa akwai rikicewar da ba ta fitowa fili, mutum yana hira lafiya lau amma hankalinsa ya rage sauri, a kan titi kuwa daƙiƙa ɗaya rai ce. A shago na sa ɗana a kan littafi. Ina yin lissafina a ka kamar da, shi kuma ya bi da kalkuleta, idan muka saɓa fiye da yadda aka saba sai ya kira mahaifiyarsa. Ita kuma kowace safiya tana sa ni in rubuta sunana da kwanan wata a wani ɗan littafi, domin rubutu na karkacewa tun kafin baki ya fara sambatu. Ta haka ta kama na biyun da wuri. Ta ga layin ya karkace, ta ƙara laktulos yadda aka koya mata, ta kira likita, aka rage min ƙwayar fitsari. Ko kwana a asibiti ban yi ba.

An gwada matata da yarana duka, wanda ba shi da kariya an yi masa rigakafi, jikata kuwa a ranar da aka haife ta aka yi mata allurar farko, cikin awa 24 kamar yadda ake so. Duk wata 6 ina zuwa hoton ciki, a duba ko bututun na nan a buɗe, a kuma duba hantar saboda ciwon daji. Bututun bai warkar da hanta ba, lokaci ya saya min, maganar dashen hanta tana nan a gaba kuma kuɗinta ya fi ƙarfina a yanzu. Likita ya ce idan rikicewar ta riƙa dawowa duk da magani, za a iya komawa ta wuya a rage faɗin bututun, sai dai ruwan ciki da haɗarin jini na iya dawowa. Na zaunar da uwargida da ƙanena da babban ɗana tun ina cikin hayyacina, na gaya musu idan aka kai nan kuma ba na iya magana da kaina, su sa hannu a rage shi. Mun rubuta, kowa ya riƙe kwafi.